Tsakanin Taswira da Awon Igiya

Tun kafin gari ya gama wayewa hanyar Keffi zuwa Abuja ta riga ta cika. Daga Masaka da Ado da Mararaba motoci ke gangarowa, ƙananan bas da motocin gida da aka mayar na haya, mutum huɗu a baya biyu a gaba, kowa na neman ya wuce Nyanya ya haye tudun Kugbo kafin cunkoso ya kulle hanya. Masinjoji ne da direbobi da malaman makaranta da 'yan sanda da masu shara, wato mutanen da in ba su iso ba ofisoshin babban birnin tarayya ba za su buɗe ba. Da yamma kuma su juya kan wannan hanya, su kwana a Jihar Nasarawa, a unguwannin da babu su a taswirar Abuja. Wannan tafiya ta safe da yamma ita ce shaida mafi ƙarfi a kan hukumomin da gwamnati ke kafawa don tsara birane da yankuna. Ra'ayina shi ne irin waɗannan hukumomi ba a iya yi sai da su, amma a Nijeriya sun saba isowa bayan jama'a, alhali dalilin kafa su shi ne su riga jama'a isa wurin. Kuma ƙarfin da aka tara musu don su yi aiki da sauri, shi ne dai ya sa ba sa jin muryar wanda aikin ya taka.

Dalilin kafa irin wannan hukuma ba ɓoyayye ba ne. Magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ko babbar hanyar da za ta kewaye gari, aiki ne na shekara ashirin ko talatin, wa'adin ɗan siyasa kuwa shekara huɗu ne. Ma'aikatar gwamnati tana da nawa, takarda sai ta bi tebur goma kafin a sa mata hannu, ƙaramar hukuma kuma iyakarta ta yi kaɗan ga garin da ya bazu ya haɗiye ƙauyuka. Shi ya sa gwamnatoci ke ware hukuma guda, su ba ta dokarta da kuɗinta da injiniyoyinta, su ce je ki yi. A Legas annobar da ta addabi tsibirin ce ta sa Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar raya birnin a 1928. A Amurka, a 1933, gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kwarin kogin Tennessee, wadda ikonta ya bi kogin ya ratsa jihohi bakwai, ta gina madatsun ruwa ta kai lantarki karkara. A Burazil hukumar NOVACAP da aka kafa a 1956 ta tayar da birnin Brasilia a cikin daji, aka buɗe shi a 1960. Daga irin wannan tunani ne Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA, ta samo asali.

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ce a tashi, Murtala ya sanar da ƙasa a ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, kuma Doka ta 6 ta wannan shekara ta kafa yankin birnin tarayya da hukumar da za ta gina shi. An yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Har sunan ma aro aka yi: tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birni sunansa, shi ya koma Suleja. A 1979 aka kammala babbar taswirar birnin, wadda ta zana shi kamar jinjirin wata, a gina shi mataki huɗu, ya ɗauki mutum miliyan 1.6 tukuna, daga baya ya kai sama da miliyan 3. Dole a yaba wa hukumar a kan abin da ta yi a matakin farko. A Garki da Wuse da Maitama da Asokoro an shimfiɗa titi, an binne bututun ruwa da na bahaya, an ja waya, kafin a ce mutane su zo su yi gini. An yi madatsar Usuma don ruwan sha. Wannan tsari na sa hanya gaba gida ya biyo baya, babu wani babban gari a ƙasar nan da ya taɓa samun irinsa a wannan girma, kuma babu yadda za a yi ƙaramar hukuma ko 'yan kasuwa su kaɗai su yi shi. Wanda duk ya ce hukumomin raya birane ba su da amfani, titunan Wuse sun ishe shi amsa.

Sai dai dokar da ta ba hukumar wannan ƙarfi ita ce ta ɗora mallakar duk ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya, kamar wurin ba kowa. Alhali akwai kowa. Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana suna nan da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Da farko niyyar gwamnati ita ce ta kwashe su gaba ɗaya ta sake musu matsuguni a wajen yankin, kuma daga nan ne aka sami garuruwa irin su Sabon Wuse a Jihar Neja. Da bincike ya nuna yawansu ya zarce yadda aka zata, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin aljihu, a 1978 sai aka sauya magana: wanda gini bai iso kansa ba ya zauna. Ma'anar wannan ita ce dubban iyalai suka zama masu jiran tsammani a ƙasar haihuwarsu, ba su da takardar mallaka, ba su san ranar da za a zo a ce su tashi ba. Ƙauyen Garki yana nan har yau a tsakiyar birni, manyan gine-gine sun yi masa zobe. Wa za su kai wa kuka? Yankin ba shi da zaɓaɓɓen gwamna, ba shi da majalisar dokoki tasa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, ministan ne shugaban hukumar gudanarwar FCDA, kuma ƙananan hukumomi shida na yankin ba su da ta cewa a kan rabon filayen birni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan an tsara gidan ta yadda mai rufin ba ya bukatar tambayar mai ɗakin.

Matsala ta biyu ta sauri ce da tsada. Irin titi da magudanar da aka yi wa Maitama suna cin kuɗi mai yawa, don haka ba sa yaɗuwa da saurin da mutane ke zuwa. Da Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disambar 1991, ma'aikata suka biyo shi dubu-dubu, masu sana'a suka biyo ma'aikata, birnin kuwa bai gama shirin karɓarsu ba. Hukuma ta ci gaba da raba fulotai a gundumomin da ko titin ƙasa babu, sai takardar fili ta zama haja, tana yawo daga hannu zuwa hannu, farashi na hawa, filin yana nan ciyawa ta rufe shi. A inda aka kai kayan more rayuwa ƙaramin ma'aikaci ba zai iya biyan haya ba, a inda zai iya biya kuma hukuma ba ta kai ba. Nyanya, wadda asalinta sansanin leburorin da suka gina birnin ce, ta zama gari. Kubwa da Lugbe da Karu suka cika suka tumbatsa, sauran suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba a gabas, Madalla da Suleja a arewa maso yamma. Ikon FCDA ya ƙare a kan layin iyaka, rayuwar birnin kuwa ba ta tsaya a nan ba. Ko jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙaddamar a 2018 ya nuna wannan gibi: ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, bai bi ta hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi muni.

Daga nan sai rusau. Jan fenti a jikin bango, wa'adin 'yan kwanaki, sannan katafila da 'yan sanda, mata na fitar da katifa da tukwane suna tarawa a bakin hanya. Lokacin da Malam Nasir El-Rufai ya riƙe ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, an yi rusau mai yawa da sunan dawo da taswirar asali, kuma magoya bayan wannan mataki suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa doka doka ce, in aka bar kowa ya gina inda ya ga dama, a kan bututun bahaya ko a filin shaƙatawa, to Abuja za ta koma abin da aka gudo daga gare shi a Legas. Suna kuma tunatarwa cewa katafilar ta taɓa gine-ginen manya, kuma a wannan zamani ne aka mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta don rage takardun bogi. Na yarda da rabin wannan magana. Gidan da attajiri ya dasa a kan hanyar ruwa da sanin ransa, ya kamata ya sauka. Amma mai gadi da ya sayi ɗan fili a hannun mai unguwa a Karmo ko Idu bai ƙi bin doka don taurin kai ba. Babu wata ƙofar doka da aka buɗe masa daidai ƙarfinsa. Shekara da shekaru hukuma na kallo ana ɗora bulo a kan bulo, sai da unguwa ta kafu da masallacinta da cocinta da makarantarta sannan aka tuna da taswira. Wannan ihu ne bayan hari. Kuma wanda aka rushe wa ɗaki ba ya komawa ƙauyensu, matsawa yake yi gaba kaɗan ya sake kafa wani, inda katafila ba ta iso ba tukuna.

A Kano an fi ganin yadda wannan tsere tsakanin hukuma da jama'a yake, domin har suna gare shi: awon igiya. Mai gona a gefen gari, a Ungogo ko Kumbotso, ya ga gari ya doso shi, ya kuma san in gwamnati ta riga shi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta biyan diyyar ƙasar kanta, sai ta amfanin gona da bishiyoyi da ginin da ke kai. Don haka sai ya kira dillali. A zo da igiya da turaku, a yanka gonar gida-gida, a kafa shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Kowane taku da aka bar wa hanya asara ce ga mai sayarwa, shi ya sa lungu ke fitowa wanda motar kashe gobara ba za ta shiga ba, babu filin makaranta, babu maƙabarta, babu inda ruwan sama zai bi. Ba wai Kano ta rasa taswira ba ne. Tun shekarun farko na 'yancin kai aka yi mata tsarin shekara ashirin, na 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan Trevallion, kamar yadda Max Lock ya yi wa Kaduna nata a 1967. Hukumar tsara birnin ta sha sauya suna har ta zama KNUPDA ta yau. Abin da bai sauya ba shi ne igiya ta fi safiyo sauri da arha. Abin da ya fi wannan ciwo kuma shi ne yadda gwamnati da kanta kan zama mai yanka. Kududdufan da ke shanye ruwan damina a cikin birni an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, jikin badala ya sha gutsura, filayen makarantu da na masallatai sun ga shaguna. A 2023 sabuwar gwamnatin jihar ta rushe gine-ginen da aka yi a zamanin wadda ta gada, ciki har da na filin Idi da na tsohon otal ɗin Daula, magana ta kai gaban kotu. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin ɗaya ne: in takardar izinin gini tana mutuwa ranar da gwamnan da aka bayar da ita a zamaninsa ya sauka, to hukumar ta rasa abin da aka kafa ta dominsa, wato tsarin da zai fi wa'adin ɗan siyasa tsawon rai.

Haka labarin yake in aka bar birni aka koma tsara yanki. A 1976 gwamnatin soja ta raba ƙasar ga hukumomin raya kogunan ruwa goma sha ɗaya, bisa tunani mai kyau cewa kogi bai san iyakar jiha ba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta shayar da gonakin Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkamar da ake nomawa a can da rani arziki ne na gaske. Amma da aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da fadamun Hadeja da Nguru suka dogara da ita ta sauya kama, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman ƙasan kogi suka biya kuɗin da ba a sa a lissafi ba. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Injiniyoyin sun iya aikinsu, madatsun suna nan tsaye. Abin da ya ɓace shi ne wurin zaman da manomin yankin Bakolori ko masuncin Nguru zai faɗi tasa kafin a zuba kankare.

Ganin haka wasu ke cewa a rushe hukumomin kawai, a bar kasuwa ta yi halinta, ko a mayar da aikin ga ƙananan hukumomi da suka fi kusa da jama'a. Ban ga hanya a nan ba. Awon igiya shi ne kasuwar da aka bari ta yi halinta, kuma mun ga abin da take haifarwa: tana samar da gida cikin sauri da rahusa, wanda abin a yaba ne, amma ba za ta taɓa ware filin titi mai faɗi ba, domin babu mai gonar da zai sadaukar da nasa don amfanin unguwar da ba a haifa ba tukuna. Ƙananan hukumomi kuwa, birnin Kano shi kaɗai ya bazu a kan takwas daga cikinsu, magudanar da ta taso daga Gwale ba za ta tsaya a iyakar Dala ta nemi izini ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta yi ƙoƙarin raba aikin hawa uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Saboda haka nauyin yana wuyan hukumomin jihohi, kuma gyaransu ne abin yi.

Gyaran farko shi ne hukuma ta rage burinta a kan kowane fuloti, ta ƙara shi a kan hanya. Maimakon ta jira sai ta sami kuɗin yi wa gunduma guda irin gatan Maitama, ta fita gonakin da gari zai cinye nan da shekara goma, ta kafa turakun manyan tituna da hanyoyin ruwa da filayen makaranta da asibiti da maƙabarta, ta biya diyyar waɗannan kaɗai a kan farashin da mai gona zai yarda da shi, sauran ta bar masa ya yanka ya sayar cikin ƙa'ida mai sauƙi. Kwalta da famfo sa iya zuwa daga baya. Abin da ba ya dawowa in ya tafi shi ne filin da za a shimfiɗa su. Sabon Garin Kano, wanda aka zana tun 1913, shaida ne. Manufar da ta sa Turawa suka kafa shi ta wariya ce, amma layukansa miƙaƙƙu sun ɗauki fiye da shekara ɗari na cunkoso da sauye-sauye, har yau mota na shiga ko'ina. Masu cewa babu kuɗi su kwatanta kuɗin kafa turke a gonar gero da kuɗin biyan diyyar benaye in an zo faɗaɗa titi bayan shekara ashirin. Wannan aiki kuma ba zai yiwu ba sai da dagatai da masu unguwanni da su kansu dillalan, domin su ne ke wurin ranar da ake jan igiya, kuma in aka mayar da su abokan gaba, turken da aka kafa da safe ba zai kai yamma ba.

Gyara na biyu ya fi wuya, domin ya taɓa aljihu. Hannun da ke sayar da fili bai kamata ya zama shi ne ke ba da izinin gini kuma shi ne ke aika katafila ba. Muddin kuɗin shigar hukuma da tagomashin gwamna suna fitowa daga yanka filaye, kowane kududdufi da kowane filin wasa zai zama fuloti a idonsu. A raba ayyukan nan, a manna taswirar gari a inda kowa zai gani, a ofishin hakimi da a intanet, kuma duk sauyin da za a yi wa filin jama'a sai an yi shela an saurari mazauna wurin kafin a sa hannu. Wanda aka shafa wa jan fenti ya sami inda zai kai ƙara cikin gaggawa kafin bango ya faɗi. Na san za a ce wannan zai rage sauri, kuma gaskiya ne zai rage. Amma saurin da aka yi a Bakolori da wanda aka yi a filin Idi duk sun dawo sun ci lokaci da dukiya fiye da yadda zaman sauraro zai ci.

Saura maganar iyaka. Abuja ta gaskiya, wadda mutane ke kwana su tashi a cikinta, ta haɗa da Karu ta Nasarawa da Suleja da Tafa na Neja, kuma tana bukatar teburi guda mai doka da kasafi inda ministan birnin da gwamnonin jihohin biyu za su tsara sufuri da ruwa da shara tare. A 'yan shekarun nan an ƙara kafa hukumomin raya shiyyoyi, ta Arewa maso Gabas a 2017, ta Arewa maso Yamma a 2024, bayan ta yankin Neja Delta da ke nan tun 2000. In za su tsaya ga rabon kwangilar ajujuwa da rijiyoyin burtsatse, to sun zama ƙarin ma'aikata ne kawai a kan waɗanda ake da su. Aikin da babu mai yin sa shi ne na tsakanin iyakoki: ruwan da ya taso daga Tiga ya bi ta Jigawa zuwa Yobe, burtalin da ya ratsa jihohi uku, da garuruwan da ke tsirowa a bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano. A gefen Kuje da Gwagwalada, da kan hanyar Gezawa da ta Dawakin Kudu, gonakin da za su zama unguwannin shekara ta 2040 ana cinikinsu a wannan rani, kuma a mafi yawansu dillali ya riga mai safiyo zuwa.